Malam Aminu Kano: Daga sakataren ƙungiyar malamai zuwa Kwamishinan Lafiya na Tarayya

Duk wanda ya tare ɗan adaidaita sahu a Kano ya ce a kai shi Asibitin Malam, ba ya buƙatar ƙarin kwatance. Za a bi da shi Titin Zariya, a sauke shi a Gyadi-Gyadi cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, a bakin ƙofar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sunan ya zauna a bakin jama'a har ya zama tamkar sunan unguwa. Sai dai cikin dubban da ke shiga da fita ta wannan ƙofa kullum, ba kowa ya san mai sunan ya taɓa riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ba. Waɗanda suka san cewa kafin ya zama jagoran talakawa sakataren ƙungiyar ma'aikata ne, mai zama da alƙalami yana tsara buƙatun 'yan'uwansa zuwa ga hukuma, sun fi haka ƙaranci. Ya zauna a ɓangarorin teburin biyu: ya rubuta takarda ya miƙa, daga baya kuma ya zama wanda ake miƙa wa.

An haifi Aminu ranar 9 ga Agustan 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, daga zuriyar Gyanawa yake, gidan da aka sani da ilimi da alƙalanci, kuma shi kansa ya yi aikin muhuti a kotun Alƙali. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma 'yar gidan malamai ce, ta rasu yana ƙarami, kakarsa ta ci gaba da riƙonsa da karantar da shi. Zamani ne da agana da ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓi ke ɗauke yara a kowane gida, na malami da na mai sarauta da na ɗan koli, ba tare da an yi mamaki ba. Ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano wadda a yau ita ce Kwalejin Rumfa, sannan a 1937 ya tafi kwalejin da ta samo asali a Katsina ta koma Kaduna, wadda yanzu ake kira Barewa. A 1942 ya fito da shaidar malanta, aka tura shi Bauchi.

A Bauchi ya yi hulɗa da mutum biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa ta fuskoki mabambanta: Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai sanyin hali da bin abu a sannu, da Sa'adu Zungur, wanda harshensa da alƙalaminsa ba sa jin tsoron kowa. Abin lura a nan shi ne Zungur ya taɓa koyarwa a Makarantar Haɗa Magunguna ta Zariya, don haka aminin da ya fi kusa da tunanin Aminu a wannan lokaci mutum ne da ya san sha'anin lafiya daga ciki. Tare suka shiga harkar Majalisar Taɗi ta Bauchi da ƙungiyar neman ci gaban Bauchi a farkon shekarun 1940. Turawa sun ƙyale majalisar ne da zaton za ta zama wurin shan iska ga 'yan boko. Da tambayoyi suka fara taɓa mulkin En'e da albashin sarakuna, sai aka rufe ta.

A waɗannan shekaru ne Aminu ya rubuta wata ƙasida mai zafi da Turanci kan yadda mulkin En'e ya danne Kano. Rubutu ne na saurayi mai jin ciwo, kuma ciwon na gaske ne, domin yana ganin an zalunci mahaifinsa a sha'anin muƙamin alƙalanci. Ƙasidar ta sa an san shi, ta kuma sa hukuma ta sa masa ido. Ba ta sauya ko layi ɗaya na dokar En'e ba. Wanda ya duba abin da ya biyo baya zai ga kamar ya ɗauki darasi daga nan, ko da yake bai taɓa daina rubutu mai zafi ba har ƙarshen ransa.

A 1946 ya samu gurbin ƙaro karatu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya tarar da Ingila a hannun Jam'iyyar Leba, ana tsakiyar muhawarar kafa tsarin lafiya na ƙasa wanda ya fara aiki a 1948. Muhawarar ba ta 'yan siyasa kaɗai ba ce. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta ja daga da ministan lafiya Aneurin Bevan kan sharuɗɗan aiki, aka yi ta ciniki kafin a daidaita. Malamin makaranta daga Kano da ke karanta jaridun Landan a wannan shekara ba zai kasa ganin yadda ƙungiyar masu sana'a ɗaya ke iya tsayar da gwamnati ta saurare ta ba. A can ne shi da wasu malamai 'yan Arewa suka fara shirin haɗa kan malaman makaranta. Da ya dawo gida, Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa ta tsaya da ƙafarta a 1948, shi ne babban sakatarenta har zuwa 1953.

Wannan babi ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne aka fi tsallakewa. A Arewar wancan lokaci, malamin elemantare yawanci ma'aikacin En'e ne. Albashinsa da canjin wurin aikinsa da ƙarin girmansa duk suna hannun fadar lardinsa. Malamin Katsina bai san abin da ake biyan na Yola ba, na Bida bai san halin da na Sakkwato ke ciki ba. In ɗayansu ya yi ƙorafi, ƙorafin mutum ɗaya ne, kuma maganinsa a wurin hukuma mai sauƙi ne: a tura shi ƙauye mai nisa. Ƙungiyar ta tsallake iyakokin larduna, abin da ya sa ake lissafa ta cikin ƙungiyoyi na farko da suka game Arewa baki ɗaya. Abubuwan da ta sa gaba su ne albashi, sharuɗɗan aiki, darajar malami, da gyaran abin da ake koyarwa. Ba ta nemi a rushe En'e ba, duk da cewa sakatarenta ya fi kowa son a yi wa En'e garambawul.

Wannan kamewa ita ce hikimar aikin. Ƙasida tana magana da duk mai iya karatu, amma takardar ƙungiya tana magana ne da jami'i ɗaya mai ikon sa hannu, kuma dole ta nemi abin da ke cikin ikon nasa. Dole ta zo da abin da ba zai iya musantawa ba, kamar bambancin albashin mutum biyu masu takarda iri ɗaya. Dole kuma jami'in ya san cewa bayan sa hannun sakatare akwai ɗaruruwan mutane da suka amince da kowace kalma, ciki har da masu ra'ayin mazan jiya da ba sa jituwa da sakataren a siyasa. Ƙungiyar malamai ta tara irin waɗannan mutane duka, kuma da yawa daga cikinsu sun zama jiga-jigan NPC daga baya, wato abokan hamayyarsa. Riƙe irin wannan taro wuri ɗaya na buƙatar mutum ya san abin da zai rubuta da abin da zai bari a cikinsa.

Hukuma ta ɗauke shi daga Bauchi ta kai shi Maru, a Lardin Sakkwato na wancan zamani, ya shugabanci kwalejin horon malamai. Nisa bai hana shi aikin ƙungiya ba. Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano. Aminu yana ma'aikacin gwamnati a lokacin, don haka sunansa ba ya cikin takwas ɗin, amma a watan Nuwamba na shekarar ya ajiye aiki ya rungumi siyasa gaba ɗaya, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar.

Labarin NEPU sananne ne a Kano, ba sai an tsawaita ba: ɗauri da bulala a kotunan alƙalai, duka daga 'yan banga, zaɓen 1951 mai hawa-hawa da ya shafe nasarar da jam'iyyar ta samu a matakin farko, da shan kayen da Malam ya yi a hannun Maitama Sule a 1954. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasa kujerarsa a 1964. Abu ɗaya dai ya dace a ɗauko daga wannan dogon gwagwarmaya. Cikin duk abin da NEPU ta nema, wanda ya fi shiga zuciyar talaka shi ne soke haraji da jangali. Buƙata ce da ba ta da lauje cikin naɗi. Manomi da makiyayi ba sa buƙatar mai fassara kafin su gane ko an cika ta ko ba a cika ba, aljihunsu zai gaya musu. Ta ɗauki kusan shekara 30, amma da PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su jim kaɗan da hawansu mulki.

A 1967, ana gab da yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya shigo da fararen hula majalisar zartarwarsa, irin su Obafemi Awolowo da Anthony Enahoro da Joseph Tarka. Malam Aminu ya zama Kwamishinan Sadarwa na Tarayya. A 1971 aka mayar da shi Ma'aikatar Lafiya, ya riƙe ta har 1974.

Ya karɓi ma'aikatar a tsakanin wata babbar nasara da wata babbar musiba. Nasarar ita ce ta agana. Gangamin lamba da aka fara a Afirka ta Yamma a 1967 ya kai ga cewa a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Najeriya, shekara 10 kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da cutar daga doron ƙasa. A Gabashin Najeriya ne ma aka fara gwada dabarar da ta zama makamin duniya: maimakon jiran a yi wa kowa lamba, sai a nemo inda cutar ta ɓulla, a yi wa duk wanda ke kewaye da mai ita. Ƙarancin allura ne ya haifi dabarar, ba yalwa ba. Musibar kuwa ita ce kwalara. Annobar ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta iso Najeriya a ƙarshen shekarar, kuma a 1971 kaɗai an lissafa mutum sama da 22,000 da suka kamu, kusan 3,000 suka rasu. Wannan adadin waɗanda suka shiga rajista ne kawai. Agana ta miƙa wuya ga allura. Kwalara ba ta jin allura kamar yadda take jin ruwa mai tsabta da masai da magudana, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da ke ƙarƙashin ofishin Kwamishinan Lafiya a Legas.

Nan ne iyakar kujerar ta bayyana. Tun da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, asibitocin gari da ɗakunan shan magani da aikin duba-gari suna hannun jihohi da ƙananan hukumominsu. A Legas kuma, gwamnati ta soja ce, kuma manyan sakatarorin dindindin ne ke riƙe da fayil da lissafi. Kwamishina farar hula yana iya kawo shawara, yana iya jan hankali, amma ba shi ke raba kuɗi ba. Mutumin da ya shekara 20 yana neman a saurari talaka ya samu kansa a wurin da ko shi sai ya rubuta takarda ya kare ta a gaban majalisa kafin a saki sule. Ga arewacin ƙasar kuma cikin farin 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya jefa yara cikin tamowa. Kuɗin man fetur bai fara kwarara sosai ba sai bayan tashin farashi a ƙarshen 1973, lokacin da wa'adinsa ya kusa cika.

A shekarunsa na ofis, wani aiki yana gudana a jiharsa ta haihuwa wanda har yau ake karanta shi a makarantun likitanci na duniya. A gundumar Garki, arewa maso gabas da Kano, wadda yanzu take Jihar Jigawa, gwamnatin Najeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976. An fesa maganin sauro a ɗakuna, an raba wa ƙauyuka magani gaba ɗaya, ana ɗibar jini ana ƙirga sauro. Cutar ta ragu ƙwarai a inda aka haɗa feshi da magani, mutuwar jarirai ta yi ƙasa, amma ba a katse yaɗuwarta ba, kuma da aka tsayar da aikin sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron yankin ba ya kwana a bangon ɗaki inda aka fesa magani. Sakamako ne mara daɗin ji, amma ya hana a zuba dukiya a shirin da ba zai kai gaci ba. Irin wannan hujja ce kowace takardar shawara kan lafiya ke buƙata, kuma a ƙasar Kano aka samo ta.

Shekara guda bayan Malam ya bar ofis, Tsarin Raya Ƙasa na Uku na 1975 zuwa 1980 ya fito da shirin kai kiwon lafiya matakin farko ga karkara. A kan takarda shirin ya tsaru: kowane rukuni na mutum 150,000 zai samu babbar cibiyar lafiya guda, matsakaita 4, ƙananan asibitoci 20, da na tafi-da-gidanka 5. An shirya tsarin ne a shekarun da yake ma'aikatar, amma ba adalci ba ne a ɗora masa yabonsa shi kaɗai, haka ma laifinsa. Abin da ya faru shi ne hankali ya tafi kan gini da sayo kayan aiki, kwangila ta rinjayi horar da ma'aikata, gine-gine da dama suka tsaya a rabi. Ribar da ta ɗore ita ce makarantun koyon aikin lafiya da aka buɗe a jihohi, waɗanda har yau su ke fitar da ma'aikatan da ke riƙe da asibitocin ƙauye. Sai bayan taron Alma-Ata na 1978, da zuwan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ma'aikatar a 1985, aka sake ɗaukar maganar daga tushe.

Masu sukar Malam, kuma yana da su har cikin tsofaffin 'yan NEPU, sun ga zamansa na shekara bakwai a gwamnatin soja a matsayin sassauci. Masu kare shi na cewa ƙasa na cikin yaƙi da gyaran bayan yaƙi, kuma ya fito kamar yadda ya shiga, ba gidaje ba kamfani. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Abin da ba a gardama a kai shi ne bai maida ma'aikatar lafiya saniyar tatsa ba, a daidai lokacin da kuɗin mai ya fara sauya halin manyan ma'aikata.

Ya shiga majalisar tsara kundin mulki ta 1977 zuwa 1978, ya kafa PRP a 1978, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 ya lashe Jihar Kano. Daga nan jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, aka tsige Balarabe Musa a 1981, almajiransa na jiya suka zama masu ja da shi. Wannan ya ci masa rai fiye da duk abin da En'e ta yi masa. Duk da haka bai bar tafsirin da yake yi da azumi ba, bai kuma bar maganar ilimin mata da 'yancinsu ba, har ya zaɓi mace ta zama mataimakiyarsa a takarar 1983.

Ƙungiyoyin da ke da rassa a Asibitin Malam a yau, ta likitoci da ta masu neman ƙwarewa da ta ma'aikatan jinya da ungozoma da ta masu haɗa magunguna, suna tsaye ne a inda sakataren malamai ya tsaya a 1948, sai dai abin da ke wuyansu ya fi nauyi, don rai ne. Jama'a sun fi jin sunansu ranar yajin aiki, kuma tarihin wannan hanya ba mai daɗi ba ne: a 1985 gwamnatin soja ta haramta Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya bayan wani yajin aiki, ta kuma tsare wasu shugabanninta. Aikin da ba a gani, na zama a tsara shawara a bi ta ofis-ofis, shi ya fi barin alama. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba, domin alƙawari ne ba doka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa kuwa, wadda aka shafe kimanin shekara 10 ana kai ruwa rana a kanta, har da saɓani tsakanin ƙungiyoyin ma'aikatan lafiyar kansu, ta samu sa hannu a 2014 ɗauke da adadi ƙarami amma a rubuce: aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya zai tafi asusun kiwon lafiya matakin farko. Ko shi ma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. Kano kuma ta ga abin da ke faruwa idan shiri ya tsaru a takarda amma jama'a ba su yarda da shi ba, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da aka koma ga sarakuna da malamai da masu unguwanni kafin a kai ga shaidar da Afirka ta samu a watan Agustan 2020. Malam ya san wannan hanya tun da daɗewa: abin da ya rubuta wa Razdan da Turanci, shi yake maimaita wa 'yan kasuwa da Hausa, da aya da hadisi da misalin da mai tallar goro zai gane.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983 a gidansa da ke Gwammaja, watanni kaɗan kafin zaɓe, yana da shekara 62. Masu rubuta tarihinsa sun danganta rasuwar da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, cutar da aka shekara bakwai ana auna ta a Garki. A gidan aka binne shi, kuma gidan, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. An sa wa filin jirgin saman Kano sunansa. A 1988, shekarar da Najeriya ta ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa ta farko, aka kafa asibitin koyarwa a Kano da sunansa. Ya fara aiki ne a aro, cikin Asibitin Murtala, kafin ya tare a mazauninsa na Gyadi-Gyadi, inda a yau ake kawo marasa lafiya daga Jigawa da Katsina da Bauchi, har da Damagaram da Maraɗi.